Motocin namu ne amma kwangilar ta wasu ce

Masu tirela da direbobinmu, yau da ku nake. Katan-katan ɗin madara da sabulu da lemo da ake jibgewa a Kasuwar Singa, da yawansu daga masana'antun Agbara da Ota da Ikeja suke tasowa, kuma ba kowane kamfani ne yake kawo kayansa da motarsa ba. Sun gane cewa sayen mota da taya da baƙin mai da gyara da fama da shingaye a hanya aiki ne daban da sarrafa kaya, sai su bai wa kamfanin jigila kwangila su huta. Ni ban ga laifinsu ba wallahi, domin motar kamfani in ta sauke a Kano sau da yawa haka za ta koma ba komai, amma ta ɗan haya sai ta shiga Dawanau ta yi lodin wake ko masara ta juya kudu, kaga an raba kuɗin mai gida biyu.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, wanda ya karɓi kwangilar wani lokaci motocinsa ba su kai na wani Alhajin namu ba, ofis ne da shi da takardu da inshora, sai ya miƙa wa ɗan kamasho, ɗan kamasho ya nemo mai mota, kowa ya yanki nasa, mai motar ya karɓi kafin alƙalami sannan ya zauna jiran ciko makonni bayan an mayar da takardar shaidar sauke kaya. In mota ta lalace tsakanin Jebba da Mokwa direba da yaronsa ne za su kwana a daji suna gadi, in ruwa ya jiƙa katan a kuɗinsu za a cire. Haba jama'a!

To me ya hana kamfani ya ba mu kai tsaye? Yana son rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, yana son inshorar kaya, yana son na'urar da zai ga inda motar take a wayarsa, da sito mai tsaro. Mai mota biyu ba zai iya shi kaɗai ba, amma mutum goma in suka haɗa kai za su iya, ga NARTO nan, ƙungiyar masu motocin sufuri ta ƙasa, ga tashar sauke kwantenoni ta kan tudu ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023.

Kuma lokaci na tafiya fa. A 2025 matatar Dangote ta sanar da kawo motoci 4,000 masu amfani da iskar gas don ta riƙa kai mai da kanta, kun ga yadda hankalin masu tanka ya tashi. Ranar da manyan masu kayan masarufi suka bi wannan hanya, mai mota ɗaya da ba shi da kwangila a rubuce shi za a fara ajiyewa.