Kafin a ƙona kwal, a fara duba abin da ke jikinsa

Jama'a, mu mutanen Jos bai kamata a ba mu labarin abin da rami ke ɓoyewa ba. Masu haƙar kuza ne suka fara tono kawunan yumɓu na Nok, da aka samu mai lura kuma aka adana su, har aka buɗe gidan tarihi a garin nan a 1952. Shi ya sa nake jin takaici idan ana hirar kwal ɗin Maiganga ta jihar Gombe ko na Okaba ta jihar Kogi, lissafin kowa bai wuce tan nawa da tirela nawa ba.

Kwal fa daji ne. Bishiya takan faɗi cikin ruwan fadama mai kwanciya, inda iska ba ta ratsawa, ta kasa ruɓewa gaba ɗaya. Wata ta faɗo kanta, laka da yashi su binne su, nauyi da zafin ƙasa su matse su tsawon miliyoyin shekaru. Manyan dazuzzukan da suka bai wa Turai da Amurka kwal sun rayu kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce. Babu fure a cikinsu, babu tsuntsu. Wasu bishiyoyin sun haura mita 30, ga wata irin ƙadandoniya mai tsawon fiye da mita 2 tana rarrafe a ƙarƙashinsu, abin da ko a mafarki ba na fatan haɗuwa da shi. A Joggins ta ƙasar Kanada, har yau kututturan na tsaye cikin dutse, kuma a cikin kogonsu aka tsinci ƙasusuwan wata halitta mai kama da ƙadangare. UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihin duniya a 2008.

Namu bai kai wannan tsufa ba. Kwal ɗin Inugu, da aka gano a Udi a 1909, ya taru ne kimanin shekara miliyan 70 baya, lokacin da teku ya shigo kudancin ƙasar nan. Wato fadamarmu daban ce, tsirranta ma daban, kuma duk ganyen da shatinsa ya fito a jikin dutse shaida ce da ba a samun madadinta.

Ban ce a daina haƙa ba, mutane na cin abinci a nan. Amma a sa a cikin sharaɗin lasisi cewa idan katafila ta buɗe sabon layin kwal, a bai wa ɗaliban sashen nazarin duwatsu na jami'o'inmu 'yan kwanaki su ɗauki hoto, su kwashi samfuri, kafin tirela ta zo.