Ga mai shirin zuwa ƙasar Sin: ka fara sanin mutanen kafin kasuwar

Jiya wani ƙanena ya kira ni cikin murna, ya samu bizar Sin, zai je Guangzhou saro kayan waya. Ya ce, "Yaya, me zan riƙe?" Na ce ya zo gida, maganar ta fi ƙarfin waya. Bayan ya tafi na ga ya dace in rubuta abin da na faɗa masa, ko wani zai amfana.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna. Sai ka ga mutum ya shekara goma yana zuwa Sin, amma iyakarsa masauki a unguwar Xiaobei da ke Guangzhou, kasuwa, sai wajen masu kago. Ya dawo ya zauna a majalisa yana cewa Sinawa ba su san komai ba sai kuɗi. Malam, yaushe ka zauna da su har ka san su? Mutane ne masu al'ada, kuma al'adar tasu ta yi kusa da tamu fiye da yadda ake zato. Suna girmama tsoho. Kakanni ne ke ɗauko jikoki daga makaranta yayin da iyaye ke wurin aiki. Har gaisuwarsu ta gargajiya ma tambaya ce, "ka ci abinci?", kamar yadda muke tambayar gajiya da iyali.

Ka shiga ofishin mai masana'anta, wanda suke kira laoban, abin da za ka fara gani teburin shayi ne. Zai zaunar da kai, ya ɗauraye 'yan ƙananan kofuna da tafasasshen ruwa, ya zubar da jiƙon farko, sannan ya zuba maka abin da bai wuce kurɓi biyu ba. Kana shanyewa ya ƙara. A yankin Guangdong, inda Guangzhou take, in an zuba maka, sai ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Kar ka ƙosa ka jawo maganar farashi. A wannan zaman yake auna ka, ko kai mai dawowa ne ko ɗan ci-rani.

Abin da ya fi komai nauyi a wurinsu shi ne mianzi, wato "fuska", ma'ana mutunci a idon jama'a. Na koyi wannan da tsada. Wata shekara aka yi mini kaya launinsu ya saɓa da samfurin da na bayar, raina ya ɓaci na ɗaga wa mai masana'antar murya a gaban ma'aikatansa. Bai ce uffan ba, murmushi kawai ya yi. An gyara kayan, amma daga ranar bai ƙara ɗaga mini ƙafa kan biyan kuɗi ba. Tafintana ce daga baya ta ce da na ja shi gefe mun yi magana mu biyu, da har ragi zai yi mini. Ashe abin da Bahaushe ke kira cin fuska, can ma sunansa ke nan. Haka kuma ba kasafai za su ce maka a'a kai tsaye ba. In ka ji "za mu duba" ko "da ɗan wuya", ka fahimta.

Maganar abinci, ka ajiye hoton wannan rubutu a wayarka: 清真. Ana karanta shi qingzhen, ma'anarsa halal. Shagunan taliyar Lanzhou da Musulmin Sin ke riƙe da su suna kusan kowane gari, da tsafta da araha. A sauran gidajen abinci kuwa ka yi hattara, ko ganye ne ana iya soya shi da kitsen alade. In an gayyace ka walima za a kawo giya, ka faɗa tun farko cewa kai Musulmi ne, ka ɗaga kofin shayi, ba wanda zai ji haushi. Kada ka soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, yana tuna musu da turaren da ake kunna wa mamaci. Kada kuma ka ba da kyautar agogon bango, furucin ya yi kama da na raka gawa.

Doka kuwa ba ta san roƙo ba. Fasfonka ya kasance a jikinka, ko jirgin ƙasa ba za ka hau ba sai da shi. Otal shi ke yi maka rajista, amma in gidan ɗan uwa ka sauka, dole ka yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Wanda bizarsa ta ƙare yana ƙasar, tarar yuan 500 ce kowace rana har zuwa yuan 10,000, ko a tsare shi. Don Allah kada ka riƙe wa kowa jaka a filin jirgi, ko ɗan garinku ne. Safarar ƙwaya a can tana kai mutum ga hukuncin kisa.

WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a intanet ɗin ƙasar, don haka ka buɗe manhajarsu ta hira, WeChat, tun kana gida, ka buɗe wa iyalinka ma. Da shi da Alipay ake biyan komai, har mai sayar da lemo a bakin titi. Tun 2023 ana iya haɗa katin Visa ko Mastercard na waje da su. Agogon Sin yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 7. Kar ka sa tafiyarka a lokacin sabuwar shekararsu, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu kan rufe na makonni. Makon farko na Oktoba ma hutu ne.

Ba zan ɓoye ba, za a kalle ka, musamman a ƙananan garuruwa, wani ma ya ɗauke ka hoto ba izini. Yawanci mamaki ne, amma akwai wariya ta gaske. Ba mu manta da Afrilun 2020 ba, lokacin korona, da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou. Ya yi mana ciwo. Sai dai ban yarda a shafa wa mutum sama da biliyan ɗaya baƙin fenti saboda wannan ba.

Na ce wa ƙanen nawa ko sau ɗaya ya rufe lissafi da wuri, ya je dandali bayan magariba ya ga tsofaffin mata sun jeru suna rawa a hankali, maza na buga dara a gefe. Ranar Juma'a kuma ya nufi masallacin da ke kusa da kabarin da Musulmin Guangzhou ke dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Ya fita da wuri, ya riƙe dardumarsa, domin sahu yakan kai har cikin lambu.