Na'urorin haske da sankarar mama: a gwada su a fatarmu kafin a sayar mana

Duk wanda ya taɓa wasa da tocila yana yaro a daren da aka ɗauke wuta ya san cewa idan ya kifa yatsunsa a bakinta sai su yi ja-wur kamar garwashi. Dalili shi ne jini yana shanye shuɗi da koren haske, yana barin jan ya ratsa nama ya wuce. Wannan wasan yara shi ne tushen wani fanni da masana suka shafe kusan shekara 100 suna fama da shi, wato leƙa cikin nonon mace da haske domin gano sankara, ba tare da hoton eksire ba.

Hikimar abin tana da ƙarfi. Tun a 1971 likita Judah Folkman na Amurka ya nuna cewa ƙari ba ya iya girma ya wuce ɗan ƙanƙanin mizani sai ya janyo wa kansa sababbin hanyoyin jini da za su ciyar da shi, saboda haka wurin da sankara ta yi sheƙa yakan fi naman da ke kewaye da shi tarin jini, kuma sau da yawa jinin nan yana da ƙarancin iskar oksijin. Hasken da ke gaba kaɗan da ja, wanda ido ba ya gani, yana iya shiga nama har santimita da dama, kuma jini mai oksijin da marar oksijin da ruwa da kitse kowanne da irin yadda yake shanye shi. Hoton mamogiram, wato eksiren nono, yana nuna siffar ƙullutu, haske kuwa yana ba da labarin abin da ƙullutun yake ci. Ga shi babu tururin eksire, kuma yawancin na'urorin ba sa buƙatar matse nono da ƙarfin da mata da yawa ke gudu.

Sai dai tarihin fannin ya isa ya sa mai hankali ya yi taka-tsantsan. A 1929 wani likita a birnin New York, Max Cutler, ya riƙa haska nono da fitila a ɗaki mai duhu yana duba inuwar da ke fitowa. An sake farfaɗo da dabarar a shekarun 1970 da 1980 da kyamarori, aka sayar da na'urori, aka yi ta yayatawa, har zuwa 1990 lokacin da wani babban bincike a asibitocin ƙasar Suwidin ya nuna cewa ba ta kama ƙafar mamogiram ba, musamman wajen gano ƙananan ƙari. Matsalar ita ce haske ba ya tafiya a miƙe cikin nama, warwatsewa yake yi kamar fitilar mota a cikin hazon hunturu, don haka ƙaramin ƙarin da ke can ciki, wanda shi ne ake neman kamawa da wuri, sai ya narke cikin dishi-dishi.

Abin da ya sauya lissafi shi ne haɗa haske da sauti. Alexander Graham Bell ya lura tun 1880 cewa haske mai katsewa yana iya haifar da sauti idan ya faɗa kan abu, kuma a yau ana harba ɗan walƙiyar leza cikin nono, jini ya shanye ta ya ɗan kumbura na ƙiftawar ido, kumburin ya fitar da amon da na'urar sikanin, irin ta awon ciki, ke kamawa. Da yake sauti ba ya warwatsewa kamar haske, hoton hanyoyin jinin yakan fito tangaram. A 2018 ayarin Lihong Wang na cibiyar Caltech ta Amurka ya ɗauki hoton nono gaba ɗaya cikin daƙiƙa 15, gwargwadon riƙe numfashi sau ɗaya, sannan a watan Janairun 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na'urar Imagio mai haɗa haske da sauti. Amma a kula da abin da aka amince da shi: taimaka wa likita ya tantance ƙullutun da aka riga aka gani, ko mai haɗari ne ko a'a. Ba a ce ta maye gurbin mamogiram ba, ba a kuma ce ta raba mace da ɗebo ɗan nama a kai ɗakin gwaji ba.

A nan ne abin ya shafe mu kai-tsaye. Sinadarin da ke sa fatarmu baƙi shi ma yana shanye haske, kuma duk hasken da zai isa ga ƙari dole sai ya bi ta fata. Wannan ba zato ba ne, domin a 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun gano cewa ɗan abin da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don auna oksijin, wanda shi ma da haske yake aiki, ya fi kasa gano ƙarancin iskar a jikin baƙar fata kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata. Shekara da shekaru ana amfani da shi a asibitocin duniya kafin a ɗauki batun da muhimmanci. Na'urar da aka daidaita a kan matan Turai na iya zuwa Kano ko Damagaram ta ce wa mace lafiyarta ƙalau alhali cuta na cin ta, kuma babu amsar da ta fi wannan muni, domin mai ita za ta koma gida da kwanciyar hankali.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a yi watsi da fannin. Mata a yankinmu sukan kamu da cutar da ƙuruciyarsu fiye da na Turai, naman nonon matashiya kuma yana da kaurin da ke wahalar da mamogiram, ga shi na'urar sikanin ta riga ta yaɗu a garuruwanmu saboda awon ciki, don haka ɗora haske a kanta ya fi dacewa da halinmu. Amma ciwon da ke kashe matanmu shi ne jinkiri. Nijeriya na samun sama da mata 30,000 da ke kamuwa a shekara, kuma mafi yawansu suna isa asibiti ne bayan cutar ta yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni cewa a kammala binciken duk mai ƙullutu cikin kwana 60, wanda ke nufin likitocin duba nama da ɗakunan gwaji, abin da babu fitilar da za ta maye gurbinsa.

Ƴan kasuwa kuwa ba sa jiran bincike. Ana tallar tociloli masu jan haske a intanet da sunan duba nono a gida, da kyamarorin auna ɗumin jiki waɗanda FDA ta sha gargaɗin cewa ba madadin mamogiram ba ne. Ya kamata hukumar NAFDAC, wadda rajistar kayan aikin asibiti ke hannunta, ta nemi duk mai shigo da irin waɗannan na'urori ya kawo shaidar mata nawa masu baƙar fata aka gwada su a kansu, da kuma ƙari nawa suka tsallake wanda gwajin nama ya tabbatar daga baya, sannan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Maiduguri su nemi a sa su cikin gwajin tun daga farko.