Google ya sayi ƙofar shiga

Hukuncin da alƙali Amit Mehta ya yanke a Amurka a watan Agustan 2024, cewa Google ya yi babakere a harkar bincike a intanet, wallahi ya yi min daidai. Masu cewa ingancinsa ne ya kai shi, to me ya sa a 2021 kaɗai ya biya su Apple da Samsung da sauransu sama da dala biliyan 26 don a sa shi ya zama manhajar binciken da mutum zai fara tararwa a wayarsa? Gyaran waya nake yi. Da wuya ka ga wanda ya taɓa shiga saiti ya canza manhajar bincike, abin da ya tarar shi yake latsawa. Ƙaramin kamfani ko ya fi iyawa, ta ina zai shigo?