"Ku tafi da shi gida" ba ƙarshen aikin likita ba ne

Wani labari da na karanta ya ce aikin likita ga mai jinyar ajali shi ne lallashin iyali, amma lallashi ba ya kashe raɗaɗin sankara. A Kano an saba jin "ku tafi da shi gida ku yi ta addu'a", a sallame shi ba maganin zogi, ba bayani. Addu'a dole ce, amma tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku na magungunan rage zogin sankara: farasitamol, sai irin su kodin, sai morfin. Morfin na sha duk awa huɗu ake bayarwa a kan lokaci, ba sai majinyaci ya fara kururuwa ba, kuma tare da maganin sassauta ciki, don yana ɗaure bayan gida. Ga masu cewa morfin yana gaggauta ajali, in an fara da kaɗan ana ƙarawa a hankali, ba ya yin haka. Likita ya nuna wa masu jinya su riƙa juya marar lafiyar duk awa biyu saboda gyambon kwanciya, su jiƙa leɓensa da auduga, su daina ɗura masa kunu idan haɗiya ta gagara, domin huhu yake wucewa. Ya faɗa wa babba a gidan gaskiya da wuri, a yi wasiyya a biya bashi, kada a sayar da fili kan tiyatar da ba za ta amfana ba. Likitocinmu nawa ne ke zama su yi wannan bayanin kafin sallama?