Gidan Sauron Hajiya a Dajin Sikotlan

A majalisarmu ta Gwale an kafa mini doka: idan damina ta kankama aka fara tsine wa sauro, ban da ni a zancen. Laifina shi ne ina kare shi. Na ce sauron Kano ɗan halas ne, yana zuwa ya yi maka sallama a kunne, ya ba ka damar kai masa mari, in ka same shi ya mutu babu gardama. Sai a ce wai zaman Turai ne ya taɓa ni. Alhali wani kwari ne tsakanin tsaunuka a arewacin Sikotlan, ana kiransa Gilenko, ya sa na san darajar na gida.

Lokacin muna karatun digiri na biyu a Gilasgo, 'yan Kano ne zalla a gidan da muke haya: ni, da Injiniya, da Ustaz Nura, da Bala, wanda shi kaɗai yake cinye kujerar mutum biyu. Injiniya ne ya kawo maganar a ƙarshen watan Yuni. Ya ce dokar Sikotlan ta 2003 ta ba kowa damar kafa tanti a mafi yawan filayen ƙasar, muddin ba ka matsa wa gidan wani ba kuma ka kwashe shararka. Bala ya ce nawa ake biya? Injiniya ya ce ko sisi. Nan take taro ya amince.

Da na kira Hajiya na gaya mata za mu je mu kwana a daji, sai ta yi shiru, har na ɗauka layin ne ya yanke.

"Abba, korar ku aka yi daga gidan?"

Na ce a'a, shaƙatawa ce, haka mutanen nan suke yi da rani.

"Ikon Allah. Kana Kano ko Falgore ba ka taɓa cewa za ka leƙa ba. To ka tafi da gidan sauron nan da na sa maka a akwati."

A Kantin Kwari ta saye shi, ta yi ciniki har mai shagon ya ce albarka sau biyu kafin ya sallama, kuma tun da na sauka ƙasar yana cikin ledarsa.

A kantin da muka sayi tanti mafi araha, wata dattijuwa ta nuna mana wata hular raga da ake rufe kai da ita har wuya, da wani man shafawa, ta ce idan arewa za mu, to lokacin mijis ne, wasu ƙwari masu cizo. Injiniya ya tambaye ta girmansu. Ta haɗa yatsu biyu har suka kusa mannewa. Ya juyo ya ce mana da Hausa, "Ku ji fa, mu da muka tashi a bakin Jakara za a tsorata da wannan." Matar ba ta ji Hausa ba, amma ta yi mana wani murmushi mai kama da ta'aziyya.

Muka yi hayar ƙaramar mota muka kama hanyar A82. Gefen tafkin Lomond ya burge mu, sai dai daga Maris zuwa Satumba akwai wuraren da sai da takardar izini ake kwana, izinin kuma da kuɗi, don haka kyawunsa ya ragu a idonmu muka wuce. Bala bai ga tafki ba, bai ga tsauni ba. Shanun can kawai yake kallo, jajaye masu gashi har ya rufe musu ido, yana yi musu kuɗi da farashin kasuwar Wudil. Injiniya kuma yana ta alkawarin gobe za mu hau Ben Nebis, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Birtaniya, mita 1,345, hujjarsa ita ce yana yaro da gudu yake hawa Dala.

A Gilenko iska take kaɗawa a bakin titi, mai sanyi. Wasu Turawa sun kafa tantinsu a kan wani tudu tsirara, iska tana ta wujijjiga shi. Injiniya ya girgiza kai, ya ce ilimi daban, dabara daban. Ya ja mu can ƙasa, bakin wani rafi, cikin bishiyoyi, inda ko ganye ba ya motsi. Ina so a rubuta cewa ni buta kawai na ɗauko, ba a nemi shawarata ba.

Ƙarfe tara na dare rana tana nan tangararan. A Kano da tuni an yi isha'i an ci tuwo, mu kuwa ko magariba ba ta yi ba, don a can sai bayan ƙarfe goma take faɗuwa a wannan watan. Bala ya ɗora taliya a kan ɗan risho, ya fito da yajin da aka aiko masa daga gida. Sai na ji wani abu a goshi. Na shafa. Na ji a bayan kunne, na ji a fatar ido. Na duba hannuna na ga ɗigo-ɗigo baƙi yana motsi. Babu kuka, babu sallama. Kafin mu ankara sun zama hayaƙi a kanmu. Bala ya buɗe tukunya, ka rantse masoro aka barbaɗa wa taliyar.

Abin da ba mu sani ba a lokacin, mijis bai fi milimita biyu ba, matan ne suke cizo, kuma numfashin da mutum yake fitarwa suke bi su same shi. Iska kaɗan tana hana su tashi, rana mai ƙarfi tana korar su. Abin da suke so shi ne wuri mai laima, mai inuwa, marar iska, da almuru ko da asuba. Wato da an ba su takarda su zana inda suke so a kawo musu abinci, wurin Injiniya za su zana. Ga Bala yana haki saboda gangarowa da kaya, shi kaɗai ya ishi gayyata.

Duk da haka aka ce sai an yi magariba. Ruwan rafin nan da muka yi alwala da shi, haƙora suna haɗuwa. Ustaz Nura mutum ne da idan ya ja mu salla a gida sai Bala ya jingina da bango, amma a ranar Inna a'aɗaina ya kawo, a raka'a ta biyu ya kawo Ƙulhuwa, kuma ban taɓa jin ya yi sallama da irin wannan hanzarin ba. Da muka ce Ustaz yau babu dogon zikiri? Ya ce, baki a rufe, "Addini sauƙi ne. Ku buɗe tantin."

Tantin an rubuta na mutum huɗu ne, amma wanda ya auna bai san Bala ba. Ga shi garin rububin shiga mun bar ƙofa a buɗe, sun riga mu zama. A nan na tashi da taƙama na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, na farke ledar Hajiya. Muka ɗaura gidan sauron a cikin tanti, muka cusa gefensa ƙarƙashin jikinmu, muka haska fitilar waya don mu ga yadda za su yi. Muna kallo, ido da ido, suka riƙa ratsowa ta ramukan ragar ba tare da ko rage gudu ba. An saƙa ta ne daidai ƙugun sauron gida. Abin da ragar ta tsare kawai shi ne mu, don da muka tashi guduwa ƙafar Bala ta sarƙe a ciki, tanti ya rufto mana gaba ɗaya.

A mota muka ƙare, gilashi a rufe, kowa yana susa. Sama ta ƙi yin duhu sosai, gefenta yana nan da haske, sai gardama ta tashi a kan ko lokacin isha'i ya shiga. Ustaz yana kawo maganganun malamai, Bala yana cewa ko ma wane ƙauli ne, shi dai a zaune zai yi tasa. Injiniya bai ce uffan ba. Wajen huɗu da rabi rana ta fito, muka ga tantin Turawan nan a kan tudu, iska tana kaɗa shi, wani ya fito da kofin shayi yana miƙa. Ya ɗago mana hannu. Babu wanda ya amsa sai Ustaz, shi ma don hakkin gaisuwa.

Ben Nebis daga cikin mota muka gaishe shi. A garin Fot Wiliyam Injiniya ya shiga kanti da kansa ya sayo hulunan raga, ya miƙa wa kowa tasa bai haɗa ido da mu ba.

Da yamma Hajiya ta kira ta bidiyo. Tana ganin fuskata ta yi rudu-rudu ta saki salati, ta ƙwala wa ƙanwata kira ta zo ta ga Yaya ƙyanda ta kama shi da girmansa. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da girman ramukan raga. Ta saurara har na gama.

"Wannan gidan sauron mai kyau ne, Abba. Ba ku iya ɗaurawa ba ne."

Na ce Hajiya wallahi a gabanmu suke shigowa.

"To ka wanke shi ka ninke, in za ka dawo ka taho mini da abina. Ba ni Nura, shi ba ya ƙarya."