Karen Baba ya samu mai riƙo kafin a kwana biyu

Ranar Talatar da ta wuce wata Baturiya ta yi wata magana a gabana, ba ma da ni take ba, da kare take, amma har yanzu da nake rubutun nan maganar na tsaye min a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Ina aikin kula da tsofaffi ne a wani ƙaramin gari kusa da Lids, arewacin Ingila, irin wanda ake bi gida-gida, ki shiga ki tashe shi ki wanke shi ki ba shi magani da shayi ki rubuta a waya ki fita da gudu ki kama gida na gaba. Cikin waɗanda nake zuwa wa akwai wani tsoho ɗan shekara 87, ni dai Baba nake ce masa don bakina ya ƙi kiran sa'an kakana da gundarin sunansa, tun yana gyara min har ya haƙura. Baba na da kare. Ɗan guntu ne fari da ɗigon ja, shi ma ya tsufa, ido ɗaya ya yi yana. Ranar da na fara shiga gidan ya taho da gudu yana kaɗa bindi, wallahi ban san lokacin da na yi salati na haye matakalar bene ba, Baba na dariya har da tari. Wata goma sha huɗu muka yi tare. Ban taɓa shafa shi ba ko sau ɗaya, kayan sallata daban suke a leda cikin jaka, shi kuma da kansa ya gane, in na shigo sai ya je bakin kicin ya zauna yana kallona kamar ɗan makarantar allo da aka ce kar ya motsa. Ɗan Baba na sa masa.

To Baba ya faɗi a banɗaki, ƙugu ya karye, asibiti suka ce ba zai koma gida ba sai gidan tsofaffi, gidan kuma ba sa karɓar kare. Ashe a jikin firij akwai wani ɗan kati da ya liƙa tun tuni, lambar wata ƙungiya ce da ya yi rajista da ita saboda irin wannan ranar. Litinin aka kira. Talata da hantsi sai ga mata ta faka mota, bayan motar keji ne an shimfiɗa bargo mai laushi ciki, hannunta fom shafi huɗu. Da yake ni na fi kowa sanin gidan, ni aka ce in tsaya in amsa.

Jama'a tambayoyi! Me yake ci, sau nawa, wane kamfani, yana cin na gwangwani ko busasshe. Maganin ciwon gaɓoɓinsa da safe ake ba shi ko da dare, a cikin cuku ake ɓoye ƙwayar ko haka yake haɗiyewa. Yana tsoron ƙarar nokawut ɗin nan da suke harbawa sama daren 5 ga Nuwamba? Ya saba da yara, da kyanwa, da shiga mota? A ina yake kwana, ƙasa ko kan gado, in kan gado ne ta wajen kai ko ƙafa? Ta ɗauko wata 'yar na'ura ta goga masa a wuya ta yi ƙara, lamba ta fito, don tun Afrilun 2016 doka ce a nan kowane kare sai an dasa masa wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata mai ɗauke da bayanin mai shi, in ba ka yi ba tara har fam 500. Daga ƙarshe ta roƙe ni in samo mata tsohuwar suwaitar Baba wadda ba a wanke ba, wai don ya dinga jin ƙanshin ubangidansa kar ya shiga damuwa.

Matar nan ba biyanta ake ba fa. Sa kai ne. Ƙungiya ke sayen abinci ta biya likita, ita nata ta riƙe shi a gidanta sati biyu ko wata uku, har a samu wanda zai ɗauka dindindin, ta ce wannan ne na goma sha ɗaya da ya ratsa ta hannunta. Shi ma mai ɗaukar ba haka kawai zai zo ya ce ina so a miƙa masa ba, sai an bincika gidansa, an ga tsayin shingen bayan gida, an ji ko mai gidan haya ya yarda, sannan babbar tambaya, awa nawa za a dinga barin karen shi kaɗai. In ya wuce awa huɗu a jere, sai dai ka yi haƙuri.

Tana durƙushe tana sosa masa kunne take ba ni labarin yadda wuraren ajiyarsu suka cika tun bayan korona, mutane sun sayi 'yan kwikwiyo lokacin kulle, da aka koma aiki abinci da kuɗin likita suka yi tsada sai aka fara kawowa ana ajiyewa, wasu ma a ɗaure a bakin ƙofa a gudu. Sai ta girgiza kai ta ce ita har ta mutu ba za ta taɓa gane yadda mutum zai sa ƙafa ya tafi ya bar nasa a baya ba.

Na ce mata haka ne. Me zan ce?

Ni dai lissafi na tsaya yi a raina. Sau huɗu muke zuwa wa Baba a rana, kowane zuwa minti talatin. Awa biyu kenan. Sauran awa ashirin da biyun daga shi sai talabijin sai Ɗan Baba. Kare ba a yarda ya yi awa huɗu shi kaɗai ba, mai karen kuwa ashirin da biyu, kuma babu fom ɗin da ya taɓa tambayar wannan. Ɗansa na Mancesta, tafiyar da ba ta fi Zariya zuwa Kaduna ba, a wata goma sha huɗun nan sau biyu na ga takalminsa a gidan. Kati dai yana zuwa, na Kirsimeti da na ranar haihuwa, Baba ya jera su kan tagar falo. Ranar da aka zo ɗaukar kare kuwa sau uku ya bugo waya yana tambaya ko an samu gida mai kyau.

Kar wani ya ce na zo ƙasar mutane ina cin arzikinsu ina zaginsu. Abin da suka iya sun iya, kuma ba jiya suka fara ba. Ƙungiyar RSPCA mai hana zaluntar dabbobi tun 1824 take. Gidan karnuka na Battersea a Landan wata mata Mary Tealby ce ta kafa shi a 1860, Shehu Ɗanfodiyo bai fi shekara arba'in da 'yan kai da rasuwa ba lokacin, ku duba fa. Dogs Trust tun 1891, su ne masu kirarin nan da suka fito da shi a 1978 cewa kare na har abada ne, ba na Kirsimeti kaɗai ba, har wani shiri gare su na riƙe wa matan da suka gudo daga dukan miji karnukansu, saboda an lura wata ba za ta gudu ba in dai za ta bar karenta a hannun mugun. Wannan kam ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Kuma a shekara biyun da na yi ban taɓa ganin kare yana yawo a bola haƙarƙari waje ba.

Mu kuwa kun san halinmu, ba sai na faɗa ba. Ni kaina na yi jifa ina yarinya, Allah Ya yafe min. Abin kunyar ma shi ne mu ne aka karanta wa hadisin matar banzan da aka gafarta wa don ta cire takalminta ta ɗebo ruwa a rijiya ta shayar da kare, da ta wadda ta shiga wuta saboda kyanwa, mu ne muke karanta Kahfi duk Juma'a da karen samarin nan ya miƙe ƙafafu a bakin kogo, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ma kare mai rai ba najasa ba ne. Duk mun sani, amma yaro ya ga kare hannunsa ƙasa yake yi neman dutse.

Sai dai ni ban yarda a ce rashin imani ne kawai ba. Su rabonsu da haukan kare a cikin ƙasarsu tun 1922. Mu kuwa wa bai san gidan da cizon kare ya yi wa ɓarna ba? Uwar da ta ce wa ɗanta in ka ga kare ka gudu ba muguwa ba ce, allurar ce ta san ba lallai a samu a asibitin garinsu ba, in an samu ma kuɗin fa? Kuma wanda ya ajiye kare don amfani a wajenmu ai yana kula da abinsa. Kawuna mafarauci ne a wani ƙauye bayan Giwa, yana da wata karya da ya sa wa Ƙyale-su don habaici ga maƙwabta, tuwon da ya ci shi take ci, ranar da ta mutu bai iya cin abincin dare ba. Bai taɓa sa mata riga ba, bai taɓa ce mata 'yata ba, ta san matsayinta ya san nata. A nan kuwa na ga kare a keken jarirai, na ga an yi wa kare bikin ranar haihuwa da kek, abin mamaki wai kare da tallan tsire.

Kuma tausayin nasu ma yana da iyaka, ba sa dai son faɗa ne. Karen da ƙaramar hukuma ta tsinta kwana bakwai doka ta ba ta ta jira mai shi, bayan nan in ba a samu mai ɗauka ba ana iya yi masa allura, su ce wai an sa shi barci. Da aka haramta irin manyan karnukan nan XL Bully ƙarshen 2023, an hana ma a ba da su riƙo ga sabon gida, gwamnati har fam 200 ta ce za ta ba mai shi in ya kai an kashe. Sannan ban manta Agustan 2021 ba, ina gida lokacin muna kallo a waya, mutane na rataye a jikin jirgi a Kabul, aka samu jirgin da ya kwaso karnuka da kyanwoyi sama da 150 zuwa nan Ingila, 'yan Afganistan ɗin da ke kula da dabbobin sai daga baya suka samu fita ta ƙasa. In an ce min in zaɓa tsakanin garin da ake jifan kare da garin da tsoho zai kwana a ƙasan banɗaki sai mai aiki ta zo da safe ta tsince shi, ni dai na san inda zan zaɓa, ko da kuwa ba wutar NEPA. Ni na tsinci Baba ai. Ɗan Baba na kwance a gefensa.

Riƙo kuma da suke ta yi wa fom, mu wa zai koya wa riƙo? Ni a hannun gwaggona na tashi daga shekara shida har aure. Babu wanda ya zo auna katanga. An ce ga 'yarki, ta ce Allah Ya raya, shikenan, tabarma ɗaya kwano ɗaya da 'ya'yanta. Na san akwai 'yan riƙon da suka sha wuya, na san akwai yaran da ke yawo da roba a titi waɗanda ko rabin gatan Ɗan Baba ba su samu ba, kar ku cika min kunne da wannan, na sani. Amma dai mutum muke riƙewa.

'Yata shekararta bakwai. Tana Tudun Wada wajen Yaya. Takarduna sun fito ne bayan 11 ga Maris 2024, ranar da suka rufe ƙofa suka ce mai bizar kula da tsofaffi ba zai zo da iyali ba, sati uku kacal na makara. Da an ce kare ne da ita, allura da ɗan abin wuyan nan da gwajin jini da jiran wata uku da takardar likita sun isa a shigo da shi. Ba na ce matar nan ta san wannan ba, ina za ta sani, ita karenta take sosawa. Kuma ni ba ɗaure ta na yi a bakin ƙofa na gudu ba, kuɗin makarantarta daga nan yake fita, da maganin Inna, da hayar gidan da su duka suke ciki, duk wanda ya ce na yar da 'yata Allah Ya isa. Yaya kuma ba ta taɓa nuna mata bambanci ba, har Mama take ce mata yanzu, ni kuma Mamar waya.

Shekaranjiya matar ta turo min hoto, da yake ta karɓi lambata. Ɗan Baba ne kwance kan suwaitar, ta rubuta cewa ya ci abinci ya yi barci, daren farko ne kawai ya yi ta kuka a bakin ƙofa. Na kai wa Baba a asibiti ya riƙe wayar ya fi minti goma.

Da na dawo ɗaki na buɗe WhatsApp na fara rubuta wa Yaya. Me take ci da safe yanzu, har yanzu tana tsoron tsawa, wa ke yi mata kitso, ta wane gefen gadon take kwana, zanena da na bari yana nan ko an wanke. Na karanta na ga in na tura Yaya za ta ce tuhumarta nake, sai na goge duka na rubuta ya gida ya yara. Ta amso da lafiya lau, ta yi barci, kuma kuɗin islamiyya ya ƙaru.